Maɓuɓɓugar Trevi ta birnin Roma: ruwan da ya fi shekara 2000 yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa



Duk wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar Italiya, da wuya a ce bai taɓa ganin irin hoton nan a wayar salula ba: mutum tsaye yana murmushi, a bayansa ga wani farin gini mai ginshiƙai, ga dawakan dutse, ruwa kuma yana kwararowa ta kan duwatsu yana zuba cikin wani babban kwami. Wurin nan sunansa Trevi, yana tsakiyar birnin Roma, kuma yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a duk Turai. Mun kira shi maɓuɓɓuga, amma fa ba irin wadda ke fitowa da kanta daga gindin dutse ba ce. Mutane ne suka jawo ruwan daga nesa, suka kawo shi tsakiyar gari, sannan suka yi masa ginin ado a daidai inda yake fitowa.

Tsayin ginin ya ɗan haura mita 26, wato kusan daidai da hasumiyar babban masallacin Agadas mai mita 27. Faɗinsa kuwa mita 49 ne, kimanin rabin tsawon filin ƙwallo. An fara shi a 1732, aka gama a 1762. To amma ruwan da aka yi ginin dominsa ya girme shi nesa ba kusa ba, don ya fara shigowa birnin tun shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda bai san labarin hanyar ruwan ba, ba zai gane dalilin da ya sa aka yi ginin da wannan siffa ba. Saboda haka da ita za mu fara.

Hanyar da Agrippa ya gina

A zamanin Sarki Augustus, Roma ta cika ta batse. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanenta sun kai wajen miliyon guda. Kogin Tiber da ya ratsa birnin bai isa a dogara da shi ba, ga shi da laka, ga ƙazantar gari tana komawa cikinsa. Sai Rumawa suka riƙa gina magudanai suna jawo ruwa daga idanun ruwa na bayan gari. A ƙarshe sai da manyan magudanan suka kai 11.

Wadda ta shafe mu a nan, Marcus Agrippa ne ya gina ta. Shi Agrippa babban kwamandan yaƙin Augustus ne, amininsa ne, kuma mijin ƴarsa. Ya gina wani babban gidan wanka na jama'a a tsakiyar birni, yana bukatar ruwa mai yawa. Sai aka samu idanun ruwa a wani wuri da ake kira Salone a gabashin Roma. Daga can aka haƙo hanya mai tsawon kimanin kilomita 20, kusan dukanta a ƙarƙashin ƙasa, tana kewayowa ta arewacin birnin kafin ta shigo.

Aka sa mata suna Aqua Virgo, wato ruwan budurwa. Wani mai suna Frontinus, wanda aka naɗa shugaban hukumar ruwan Roma a shekara ta 97, ya rubuta littafi a kan magudanan birnin. A ciki ya kawo labarin cewa sojoji ne suka fita neman ruwa, wata yarinya ta nuna masu wurin, da suka haƙa sai suka tarar da ruwa mai tarin yawa.

To yaya ruwa zai yi tafiyar kilomita 20 babu inji, babu lantarki? Amsar ita ce gangara. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa, amma in aka ba shi gangara komai ƙanƙantarta zai bi. Tsakanin Salone da inda hanyar ta ƙare a birni, bambancin tsayi bai wuce kimanin mita 4 ba. In muka raba wannan da kilomita 20, za mu ga a kowane kilomita guda hanyar tana sauka da santimita 20 kacal, kamar taƙi ɗaya na hannun babban mutum. Ku duba fa. In gangarar ta yi yawa, ruwan zai iso birni a ƙasa ƙwarai, ba yadda za a raba shi unguwanni. In ta yi kaɗan, sai ya kwanta a hanya. Masu awon wancan zamani da igiya da sanda da ma'aunin ruwa suka daidaita wannan, a cikin duhun rami.

Yadda suke aikin ya yi kama da na masu ginin rijiya. Sukan haƙa ramuka a jere bisa layin da aka auna, sannan a haɗa gindin wannan da na wancan. Ta ramukan ake fitar da ƙasa, ta nan iska ke shiga, kuma bayan an gama aiki ta nan masu gyara ke sauka su share. Inda ƙasa ba ta da ƙarfi sai a ɗaure da gini, a shafe da wani irin siminti na farar ƙasa da garin fasasshen bulo wanda ruwa ba ya ratsawa. Da hanyar ta shigo cikin birni, sai aka ɗora ƙarshenta a kan gadoji masu baka-baka. Har yau ana ganin ragowarsu a wasu wurare, har da ƙarƙashin wani babban kanti da ke kusa da Trevi. An ƙiyasta cewa a lokacin ƙarfinta tana kawo wajen lita miliyon 100 a kowace rana. In da jarka mai lita 25 ake ɗiba, jarka miliyon 4 ke nan kullum.

Lokacin da Roma ta koma shan ruwan kogi

A shekara ta 537 wasu mayaƙa da ake kira Goth, ƙarƙashin sarkinsu Vitiges, suka yi wa Roma ƙawanya. Don su matsa wa mutanen ciki, sai suka datse magudanan ruwa. Wani marubuci mai suna Procopius, wanda ke cikin birnin a lokacin, ya ba da labarin cewa maharan har sun tura mutane da fitilu cikin ramin Aqua Virgo ko za su samu hanyar kutsawa, sai suka tarar masu tsaron gari sun riga sun toshe shi da gini.

Bayan yaƙi an gyara wasu magudanan, amma ƙarfin hukuma ya riga ya tafi. Babu kuɗi, babu ma'aikatan da za su riƙa bin hanya suna sharewa. Waɗanda ke bisa dogayen gadoji suka riƙa rushewa ɗaya bayan ɗaya. Birnin da ya taɓa ɗaukar mutum miliyon guda ya koma na ƴan dubbai goma-goma. Mutane suka bar unguwannin tudu suka gangaro bakin kogi. Shekaru ɗaruruwa mutanen Roma suna shan ruwan rijiya da na Tiber. Har ƴan ga-ruwa gare su, masu ɗibar ruwan kogi su bari lakar ta kwanta, sannan su ɗora wa jakuna suna bi gida-gida suna sayarwa.

Aqua Virgo ita ce ba ta mutu ɗungum ba, kuma dalili a fili yake: a binne take. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi wuyar rushewa, ya fi wuyar sata. Paparoma Adrian na ɗaya ya sa an gyara ta a ƙarni na 8. Ruwan ya ragu, ƙarshen hanyar da ke kan gadoji ya lalace, sai ya zamana tana tsayawa a wata mahaɗar hanyoyi inda mutane ke zuwa ɗiba. Galibin masana suna ganin daga nan sunan Trevi ya samo asali, daga kalmar da ke nufin hanyoyi uku.

A nan sai mu tuna cewa a wancan zamani Paparoma ba shugaban addini kaɗai ba ne. Shi ne sarkin Roma da ƙasar da ke kewaye da ita, har zuwa 1870. Ruwa da hanya da haraji duk a hannunsa suke. A 1453 Paparoma Nicholas na biyar ya sake gyara magudanar, aka yi bango mai bakin ruwa uku da kwami a gabansa, ba wani ado mai yawa. A 1570, zamanin Paparoma Pius na biyar, aka kammala babban gyaran da ya sake haɗa ta da ainihin idanun ruwan Salone. Daga nan ruwa ya wadata, aka shimfiɗa bututu zuwa dandalin unguwanni. Titin Via Condotti, inda a yau ake da kantunan kayan tsada na masu hannu da shuni, ma'anar sunansa ita ce titin bututu, saboda ta ƙarƙashinsa aka bi da su.

Aikin da ya tsaya shekara kusan 90

Paparomomi suna da wata al'ada. In ɗayansu ya kawo ruwa birni, sai ya yi babban gini a inda ruwan ke fitowa, a rubuta sunansa a sama, kowa ya san wanda ya shayar da gari. An yi wa wata magudana irin wannan gini a 1587, aka yi wa wata a 1612. Ita kuwa tsohuwar magudanar Agrippa, wadda mutanen Roma ke yabon daɗin ruwanta, tana nan da ɗan bangonta.

Paparoma Urban na takwas ya ga abin bai dace ba, ya ba shahararren mai sassaƙa Bernini aikin. Wajen 1640 aka rushe gidaje aka faɗaɗa dandalin, aka juya fuskar maɓuɓɓugar zuwa inda take kallo a yau. Don a samu kuɗi aka ƙara haraji a kan giya, mutanen gari suka yi ta guna-guni. Sai yaƙi ya taso ya cinye baitulmali, Paparoman ya mutu a 1644, aiki ya tsaya cik. Waɗanda suka gaje shi kowa ya kama nasa aikin. Haka wurin ya zauna rabi da rabi, shekara kusan 90.

A 1730 aka zaɓi Paparoma Clement na goma sha biyu, dattijo mai shekara 78. Shi ne ya sa gasa tsakanin masu zanen gini, aikin ya faɗa hannun wani ɗan Roma mai suna Nicola Salvi, wanda a lokacin bai yi wani babban gini da aka san shi da shi ba. Kuɗin kuwa daga cacar tambola ta hukuma aka samo su, wadda Paparoman ya sake halattawa bayan wanda ya gabace shi ya hana. Aka fara aiki a 1732. Shi Clement bai ga ginin da idonsa ba, don ya makance tun farkon mulkinsa, ya kuma mutu a 1740 ana tsakiyar aiki. Amma sunansa da tambarin gidansu su ne a can ƙololuwa.

Salvi ya ba aikin sauran rayuwarsa. Kuɗi su yanke a tsaya, su samu a ci gaba, ga saɓani da masu sassaƙa. Ana cewa yawan shiga ramukan ruwa masu sanyi da laima ne ya lalata masa lafiya. Ya mutu a 1751 bai ga ƙarshe ba. Giuseppe Pannini ya karɓa ya ƙarasa, Pietro Bracci ya sassaƙa babban mutum-mutumin tsakiya. Ranar 22 ga watan Mayu 1762 Paparoma Clement na goma sha uku ya yi bikin buɗewa. Shekara 30, Paparoma uku.

Me ya sa ruwan ba ya tashi sama?

Wanda ya ga irin waɗannan wurare a talbijin zai lura cewa a wasu birane ruwan feshi yake yi, yana tashi sama mita da yawa. Na Trevi ba haka yake ba, zubowa yake. Dalilin yana komawa ga gangarar nan ta mita 4 da muka faɗa.

Ku ɗauki misalin shaton ruwa. Ana ɗora tankin a sama ne don nauyin ruwan ya tura shi cikin bututu da ƙarfi. Ruwa ba zai taɓa tashi ya wuce tsayin inda ya fito ba, sai in da inji. To shi ruwan Salone yana isowa Roma ne ƙasa-ƙasa, da yawa amma babu ƙarfin turi. A 1732 kuma babu injin lantarki. Duk mai zanen da ya ce zai yi feshi a nan, kunya zai sha.

Salvi sai ya yi aiki da abin da ke hannunsa. Tunda ba zai iya ɗaga ruwa ba, sai ya saukar da ƙasa. Ya sa babban kwamin ya zauna ƙasa da titi, ta yadda sai mutum ya taka matakala ya sauka kafin ya kai bakin ruwa. Wannan ya ba ruwan tazarar da zai faɗo. Sannan ya baza shi: daga ƙarƙashin mutum-mutumin tsakiya yana sauka ta kwamaye uku, wani ƙarƙashin wani, ta gefe-gefe kuma yana ɓullowa daga tsagogin duwatsu, wani wuri shimfiɗe kamar zane, wani wuri siriri. Ko'ina ya faɗi yana ƙara. Da yake dandalin ƙarami ne, kuma ƴan lunguna ne ke shigowa cikinsa, baƙo yakan fara jin rurin ruwan tun bai gan shi ba, sai ya karya kwana kawai ya ga abu ya cika masa ido. Irin wannan dabara aka yi wa wata ƙaramar maɓuɓɓuga mai siffar kwale-kwale a dandalin Spagna, wadda ita ma daga wannan magudana take sha: an nutsar da ita ƙasa da titi saboda rashin ƙarfin ruwan.

Abin da ke jikin ginin

Bangon da ke baya, bangon wani gidan manya ne da ake kira Palazzo Poli. Salvi ya mai da shi kamar babbar ƙofar da Rumawan da ke gina wa sarkin da ya ciwo yaƙi, da manyan ginshiƙai huɗu a tsakiya. Sai dai a nan mai shigowa gari cikin nasara ruwa ne. Daga ƙasa duwatsu ne birjik kamar na daji, ba sassaƙa ba tsari, daga cikinsu kuma gini mai kyau ya taso. An yi su da wani farin dutse da ake kira travertine, wanda aka ɗauko daga Tivoli, kimanin kilomita 35 gabas da Roma. Mutum-mutumin kuwa na marmara ne daga Carrara. A jikin duwatsun an sassaƙa tsirrai wajen iri 30, har da ɓaure da inabi, kamar sun tsiro ne saboda laima.

Na tsakiya, mai tsayin kusan mita 6, shi ne Oceanus, wanda a tatsuniyoyin Girkawan da yake wakiltar babban ruwan da ya kewaye duniya. Da yawa suna ɗaukar sa Neptune ne, amma ba shi ba ne. A lokacin da aka sassaƙa shi babu mai bauta masa. Mutanen Roma Kiristoci ne, kuma masu fasaharsu sun saba aron siffofin tsoffin tatsuniyoyi su yi magana da su, kamar yadda mai ba da labari ke aron zaki ko gizo. Yana tsaye a kan keken da aka yi da siffar ɓawon kifin teku, dawaki biyu suna ja. Ɗaya ya yi turjiya ana fama da shi, ɗaya yana tafiya a natse. Halin ruwa ke nan, wata rana lafiya lau, wata rana ambaliya.

A hagu da dama akwai mata biyu. Ɗaya tana riƙe da ƙaho cike da ƴaƴan itace, tulu a kife a ƙafarta ruwa na zuba, ita ce Yalwa. Ɗayar tana riƙe da ƙoƙo maciji na sha, ita ce Lafiya, don a al'adarsu maciji alamar magani ne, shi ya sa kuke ganinsa a allon kantin magani. A samansu akwai alluna biyu na dutse da ke ba da tarihin da muka kawo: a ɗaya ga Agrippa yana duba zanen aiki yana ba da umarni, a ɗayan ga yarinya tana nuna wa sojoji idon ruwa. Can sama kuma wasu mutum-mutumi huɗu suna nuna amfanin ruwa ga gona da lambu da makiyaya. Wanda bai iya karatu ba ma zai gane saƙon.

A gefen dama akwai wani babban tulu na dutse da ya tsaya kamar ba wurinsa ba. Mutanen Roma suna ba da labarin wai wani wanzami ne mai shago a wurin ya ishi Salvi da suka kullum, shi kuma ya dasa masa tulun a gaba don ya tare masa gani. Kusa da nan akwai ɗan ƙaramin wurin sha mai bakin ruwa biyu, don tun asali wurin na masu ƙishi ne da masu ɗiba.

Kuɗin da ake jefawa

Abin da ya fi yaɗa sunan Trevi a duniya shi ne jefa kuɗi. Baƙo ya juya wa ruwan baya, ya jefa sulalla da hannun dama ta kan kafaɗar hagu, wai in ya yi haka zai sake dawowa Roma. Camfi ne, kuma finafinai ne suka ƙara hura shi, musamman wani fim na Amurka na 1954 mai suna Three Coins in the Fountain.

Camfi ko ba camfi ba, kuɗin na gaske ne. A ƴan shekarun nan abin da ake kwashewa yakan kai wajen yuro miliyon ɗaya da rabi a shekara. Da yake yuro guda sefa 656 ne, lissafin ya kusa miliyar guda na sefa. Ma'aikatan kamfanin ruwan birni ne ke sharo sulallan da dogayen tsintsiyoyi da tiyo mai zuƙa, a zuba a buhuna a gaban ƴan sanda. Tun 2001 ma'aikatar magajin gari ke miƙa su ga Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, wadda ke ciyar da marasa galihu, tana kuma da kanti inda iyalai mabukata ke ɗaukar abinci ba da kuɗi ba. Cikin masu cin wannan abinci har da baƙin haure. Shiga ruwan ko tsintar kuɗin laifi ne, ana cin tara. A farkon 2019 aka tashi karkatar da kuɗin zuwa asusun birni, jama'a suka yi ca, magajiyar gari ta lokacin Virginia Raggi ta fito ta ce za su ci gaba da zuwa ga Caritas.

Gyara ba ya ƙarewa

Ruwan yankin Roma yana da farar ƙasa a cikinsa, kullum yana barin ɓawo a jikin dutse, kamar yadda yake yi wa gindin buta. Ga hayaƙin motoci, ga gansakuka, ga tsatsar ƙarafan da ke riƙe da duwatsu. A 2012, bayan wani hunturu mai tsanani, wasu gutsattsarin ado suka ɓalle daga sama suka faɗo. Birnin ba shi da isassun kuɗi, sai kamfanin tufafi na Fendi ya ɗauki nauyin gyara da yuro miliyon 2.2, wato sefa miliyar ɗaya da miliyon 400 da ƴan kai. Aka kashe ruwan watanni 17, aka sake buɗewa a watan Nuwamba 2015. A ƙarshen 2024 aka sake wanke shi, daga nan aka taƙaita masu sauka bakin kwamin zuwa mutum 400 a lokaci guda, saboda cunkoso ya kai mutum ba ya iya juyawa. Hukumar birni ta kuma kawo maganar karɓar yuro 2 daga baƙi, ban da mazauna Roma.

A yau ruwan babban kwamin inji ne ke juya shi, ya sauka ya sake hawa, don haka ba a shan sa. Mai ƙishi a Roma yana da wata mafita: ƙananan pompo na ƙarfe wajen 2,500 da ke bakin tituna, waɗanda aka fara kafawa a 1874. Mutanen gari suna ce masu nasoni, wato masu babban hanci, saboda lanƙwasar bakinsu. Suna zuba dare da rana, kyauta. In ka toshe bakin da yatsa, ruwan sai ya fito ta wani ɗan rami na sama ka sha ba tare da ƙoƙo ba. Amma ko Roma ba ta fi ƙarfin fari ba. A bazarar 2017 ruwan sama ya yi ƙaranci, aka rufe wasu daga cikin pompon nan, fadar Vatican ma ta kashe maɓuɓɓuganta.

Ba Turai kaɗai ke da wannan al'ada ta girmama ruwan jama'a da gini ba. A biranen Musulmi akwai sabil, wurin shayar da mai wucewa don Allah. A Istanbul, Sarki Ahmad na uku ya gina wani ƙasaitacce a 1728, shekara 4 kafin a fara Trevi, an ƙawata shi da rubutu da zanen furanni maimakon mutum-mutumi. Alhazanmu kuma sun san sunan Ainu Zubaida, hanyar ruwan da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka haƙa don mahajjata, ita ma da gangara take aiki.

In muka jera shekarun da muka ambata, ƙarni na 8, 1453, 1570, 2015, 2024, za mu ga duka shekarun gyara ne. Ginin adon ya samu shekara 260 da ɗoriya, hanyar ruwan ta haura 2000, kuma duk lokacin da aka rasa mai kula da ita, mutanen babban birni sun koma bin jakunan ƴan ga-ruwa. Mu ma a garuruwanmu mun san pompo da rijiyar burtsatse da aka yi wa bikin buɗewa da kiɗa da jawabi, allon sunan wanda ya gina yana nan ƙal, ruwan kuwa ya daɗe da ɗaukewa saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai jika ashirin ba. Ƴan'uwa na ƙetare da ke haɗa kuɗi don yi wa gida rijiya, da mu da ke gida muna sha, yana da kyau tun ranar da za a fara haƙa mu zauna mu tsai da magana: wa zai riƙa dubawa, wa ke riƙe da asusun gyara, kuma nawa kowane gida zai riƙa sawa a ciki.

Muna jiran jin yadda kuke tafiyar da naku a garinku. Allah ya ba mu damina mai albarka.